Muhawara: Kwana a Tanti Cikin Dajin Dausayin Haɗeja da Nguru

Malam Nasiru (Kano):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da wasu abokan aikina malaman makaranta muna shirin zuwa dausayin Haɗeja da Nguru mu yi 'yan kwanaki a cikin daji, kuma niyyarmu ita ce mu kwana a tanti kawai, babu janareta, babu famfo, sai abin da muka iya ɗauka a ka da kafaɗa. Wurare biyu muke dubawa, wato gandun dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa, da kuma wajen tafkin Dagona a ƙasar Bade ta jihar Yobe. Mun tsayar da watan Agusta saboda a lokacin ne muke dogon hutu, kuma muna so mu kafa tantin a gindin itatuwan da ke bakin ruwa domin gari ya waye mana a kan tsuntsaye. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su ba mu shawara kan lokacin da kuma inda ya kamata mu sauka.

Baba Lawan (Gashuwa):
Wa'alaikumus salam. Malam Nasiru, niyyarku tana da kyau, amma watan da kuka zaɓa da wurin da kuka zaɓa duka biyun ba za su karɓe ku ba. A Agusta da Satumba ne ruwa yake cika wannan ƙasa, kuma abin da baƙo ba ya ganewa shi ne yawancin ruwan ba daga samanmu yake saukowa ba. Kogin Haɗeja yana kwaso shi daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos, su zo su bazu a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin jigayin yashi kafin abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Saboda haka mutum yana iya kwanciya da dare sama fes, babu ko hadari, ya farka ya tarar da ruwa a ƙarƙashin tabarmarsa, domin ruwan da aka yi a wata ƙasa kwanakin baya ne ya iso.

Game da gindin itace kuwa, itacen da kansa yana gaya maka abin da ƙasar take. Duk inda ka ga giyayya ta yi kurmi, ko bagaruwa ta tsaya a jere a kan baƙar laka mai tsattsagewa, to wannan makwancin ruwa ne. Ka matsa kusa ka dubi jikin itacen: za ka ga wani layi da laka ta bushe a kansa, daga nan zuwa ƙasa ɓawon ya yi fari-fari, kuma sau da yawa akwai busasshiyar ciyawa da kara da ruwa ya rataye a ƙananan rassa. Wannan layin ne iyakar ruwan bara, wani wurin ya kai gwiwa, wani wurin ya kai ƙirjin mutum. Ba a kafa tanti ƙasa da shi. Sai ku hau tudu, inda ƙasa take yashi, inda goruba da aduwa suke, ku kwana can, da asuba ku gangaro bakin ruwa da ƙafa.

Malama Hadiza (Zariya):
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ina so in ƙara wani dalilin da ya shafi tsuntsayen da kuke son gani. A Agusta za ku ga shamuwa da balbela da zalɓe, waɗanda kuna iya ganinsu a fadamun Kano ma. Abin da ya sa sunan wannan dausayi ya kai duniya shi ne tsuntsayen ruwa masu ƙaura, waɗanda suke barin Turai da arewacin Asiya idan sanyi ya kama, su ƙetare Sahara su sauka a nan, kuma ba sa taruwa sosai sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A wannan lokacin ruwa ya fara ja da baya, tafkuna sun tsuke, sai agwagin ƙaura su haɗu da kirinjijiya da dinya na gida a wuri ɗaya. Saboda su ne aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayi, a shekarar 2000, wanda shi ne na farko a Nijeriya, sannan Baturiya da Dagona suka shiga a 2008. Idan hutun Disamba zai yiwu muku, shi ne daidai.

Sai dai ina da ja kan mayar da tanti can nesa. Tsuntsayen nan suna tashi kiwo ne tun kafin rana ta ɓullo, kuma wanda ya taso daga nesa yana haska tocila yana taka busassun ganye ya kore su tun bai iso ba. A ganina a nemi tudun da ya fi kusa da ruwan, wanda tafiyar mintoci kaɗan za ta kai mutum maɓoyarsa.

Injiniya Bashir (Dutse):
Malama, kusancin da kike nema yana da sharaɗi, domin ko da rani ruwan wannan yanki ba ya bin kalandar damina kaɗai. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma ƙara ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke bin kogin Haɗeja ya koma hannun masu buɗe ƙofofin madatsun. Ambaliyar damina ta ragu a kan yadda take a da, amma kuma ana sakin ruwa da rani saboda noman rani da ruwan sha, sai kogin da a da yake ƙafewa ya zama yana gudu kusan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacalla damar mamaye hanyoyin ruwa. Idan ta toshe mashigi, laka ta taru a gindinta, ruwan sai ya fasa gefe ya bi inda ba a saba ganinsa ba, har ya ci gonaki da hanyoyi, wani wurin kuma da aka saba samun ruwa ya bushe. Ma'anar wannan ga mai tanti ita ce taswira da hoton tauraron ɗan Adam da ke wayarka suna iya nuna maka busasshiyar ƙasa a inda yau ruwa ne. Layin da Baba ya ce a duba a jikin itace yana gaya maka labarin bara, amma labarin wannan makon yana bakin masunta.

Alhaji Ɗanjuma (Kaduna):
Ku gafarce ni, ni tun daga tushe ban ga dalilin wannan tafiya ba. Mutanen da suke kwana a wannan daji, masunta da makiyaya, larura ce ta kwantar da su, kuma da za su sami ɗaki mai ƙofa da sun shiga. Mutum yana da gidansa da iyalinsa, ya ɗauki ƙafa ya je ya shimfiɗa tabarma a cikin sauro da macizai, a zamanin da kowa ya san halin da dazuzzukanmu suke ciki ta fuskar tsaro. Akwai masauki a Nguru, akwai a Gashuwa, akwai a Haɗeja. Ku kwana a gari, ku yi sammako ku je ku ga tsuntsayenku, ku dawo kafin magariba. Idan wani abu ya sami ɗayanku da tsakar dare a inda mota ba ta shiga, wa zai amsa tambayar iyalinsa?

Malam Nasiru (Kano):
Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka tana kan hanya kuma ba zan raina ta ba. Dalilinmu shi ne mu masu koyar da ilimin ƙasa da na halittu ne, kuma shekara da shekaru muna karanta wa yara labarin wannan dausayi daga littafi, muna zana musu kogin Haɗeja a allo, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin yadda mutanen wurin suke rayuwa da ruwan ba. Wanda ya zo da hantsi ya koma da la'asar zai ga tafki da tsuntsu, amma ba zai ga lokacin da masunta suke fita duba tarkonsu ba, ba zai ga yadda ake dawo da shanu ba, ba zai kuma san sanyin da yaron da ke kwana a bukka yake sha ba. Muna so mu dawo da abin da za mu faɗa wa ɗalibai da bakin wanda ya gani. Amma maganar tsaro na karɓe ta gaba ɗaya: idan hukuma ko mutanen gari suka ce kada a kwana, ba za mu kwana ba.

Dakta Amina (Kano):
Tunda an kawo maganar abin da zai iya samun mutum da dare, bari in yi bayani dalla-dalla, domin haɗarin da ya fi yawa a irin wannan wuri ba shi ne wanda mutane suka fi tsoro ba. Na farko sauro ne. Mai ɗauke da zazzaɓi yana cizo ne daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, kuma a bakin dausayi ba ya ƙarewa ko da hunturu. Tantin da za ku saya ya zama mai ɗinkakken ƙasa da raga a ƙofa, kuma duk da haka kowa ya ɗaura gidan sauro mai magani a ciki, ya cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Zazzaɓin ba ya bayyana sai bayan mako ɗaya ko fiye, saboda haka duk wanda jikinsa ya yi zafi bayan kun dawo ya je a gwada jininsa a ranar, kada ya ce gajiyar tafiya ce.

Na biyu, wanda ya fi damuna da baƙi, shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke manne a ciyawar ruwa mara gudu, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar mutum ta shiga ba tare da ya ji komai ba, sai bayan makonni ko watanni ya fara ganin jini a fitsari. Ba sai an sha ruwan ba, tsoma ƙafa ya isa. Wannan ya shafi wanka da wanki, ya kuma shafi alwala, domin na san abin da zai fara zuwa zuciyar mutum da asuba shi ne ya tsuguna a bakin tafki ya ɗebi ruwa. Ku ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse ta ƙauyen da ke kusa a jarkoki. Idan dole ta sa ku amfani da na tafki, na sha a sa masa alif laka ta kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, domin alif ba ya kashe ƙwayar cuta. Na wanka da alwala kuma a dafa shi, ko a ajiye shi kwana biyu a mazubin da babu katantanwa a ciki. Wanda zai taka ruwa ya sa dogon takalmin roba.

Na uku, sanyin Disamba a wannan yanki yakan sauko ƙasa da digiri 15 da dare, ga raɓa, kuma zai ja hankalin wani ya shigar da kaskon gawayi cikin tanti ya zuge ƙofa. Kada a yi haka ko sau ɗaya. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, mai sa mutum ya zarce daga barci. Bargo biyu da tamfol a ƙarƙashin tabarma sun wadatar.

Malam Isa (Haɗeja):
Dakta, Allah ya saka da alheri, amma kin bar macizai, kuma tudun da Baba ya ce a hau nan ne su ma suke hawa idan ruwa ya kore su. Akwai kasa, akwai gamsheƙa, akwai gobe-da-nisa. Mu abin da muka taso muka ga iyayenmu suna yi shi ne a share wurin kwana tas har sai yashi ya fito, a nisanci suri da tarin kaba da ramin gafiya, kada kuma a bar takalmi a waje, da safe a kakkaɓe shi kafin a sa saboda kunama. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, ana ɗaure saman wurin cizon da igiya tamau, a tsaga a matse dafin.

Dakta Amina (Kano):
Malam Isa, rabin farko na maganarka ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, kuma na ƙara da cewa kada kowa ya fita da dare babu tocila da rufaffen takalmi. Amma ɗauri da tsagawa ina roƙon a bar su, da dukkan girmamawa ga iyayenmu. Dafin gobe-da-nisa yana hana jini daskarewa ne, saboda haka wanda ya tsaga wurin ya buɗe ƙofar da jini zai yi ta zuba ba tsayawa. Ɗauri tamau kuma yana tsare jini daga gaɓar, har a kai ga yanke ƙafar da da an bar ta da ta warke. Abin da ake yi shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a ɗora gaɓar a kan sanda a naɗe ta sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka, a nufi asibiti. Asibitin da ya yi suna a kan cizon maciji yana Kaltungo a jihar Gombe, kuma ya yi nisa ƙwarai daga nan, saboda haka tun kafin ku tashi daga Kano ku bincika wane asibiti ne mafi kusa da masaukinku yake da allurar kashe dafi a ajiye, ku kuma san mai babur ko mai kwalekwalen da za ku tasa da dare.

Malam Isa (Haɗeja):
Na ji bayanin jinin, Dakta, kuma ya shige ni. Abin da nake so ki sani kawai shi ne mutanenmu suna ɗaurin ne saboda nisan asibiti da tsadar allurar, kuma muddin waɗannan biyun suna nan, zai yi wuya a raba su da igiya.

Baba Lawan (Gashuwa):
Maganar mai kwalekwale da Dakta ta kawo ita ce ta kai mu ga abin da ya fi komai, kuma ita ce amsar da zan ba Alhaji Ɗanjuma. Malam Nasiru, ɗana, wannan daji ba kango ba ne. Kowane tafki yana da masu shi, kowane mashigi akwai wanda ya kafa tarkonsa a ciki, kowane tudu akwai wanda yake sauka a kansa da shanunsa shekara da shekaru. Bade da Manga da Hausawa da Fulani duk suna ci daga wannan ruwa, wani da shinkafa, wani da tarwaɗa da karfasa, wani da kabar da yake saƙa tabarma. Baƙin da suka shigo babu sallama suka kafa tanti da magariba, a wannan zamani, tsoro za su jefa wa mutane, kuma mutumin da ya tsorata ba a san abin da zai yi ba.

Dagona tana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, saboda haka sai da izinin ma'aikatansa ake shiga, su ne kuma za su ce ana kwana ko ba a kwana, su haɗa ku da jami'in da zai raka ku. Baturiya ma gandu ne mai masu tsaronsa. Bayan takardar hukuma, ku je gaban bulama ko dagacin ƙauyen da rana tsaka, ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, ku roƙi ya ba ku mutum. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan mutumin ne zai hana ku kafa tanti a kan burtali, inda garken shanu zai bi ta kanku kafin asuba, shi ne zai san ko an saki ruwa, shi ne kuma zai gaya muku gaskiya idan wani sashe ba ya shiguwa a wannan makon. Ku biya shi haƙƙinsa da kyau, ku ci abinci tare da shi. Ni da za ku bi tawa, kusa da sansanin masunta za ku sauka, inda za a ji kiranku idan kun yi kira.

Alhaji Ɗanjuma (Kaduna):
Idan da izinin hukuma, da sanin mai gari, da ɗan rakiya, kuma kusa da mutane, to damuwata ta ragu, ko da yake har yanzu ni ba zan bar ɗana ya je ba. Ina ƙara shawara ɗaya: ku bar wa wani a gida sunan ƙauyen da ranar dawowarku, domin ba ko'ina waya take kamawa ba.

Malama Hadiza (Zariya):
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato abin da ku za ku yi wa dajin. Saran itace domin girki da sayarwa yana cikin abubuwan da suke cinye waɗannan gandaye, kuma bai dace masu zuwa da sunan ilimi su ƙara a kai ba. Ku tafi da risho ko ƙaramar tukunyar gas, ku bar gatari a gida. Da hunturu ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shanun wani na rani gaba ɗaya. Bayan gida kuma a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, a nesa da ruwa da aƙalla taku saba'in, a binne, domin ta fitsari da bayan gidan da ke shiga ruwa ne tsargiyar da Dakta ta ambata take komawa jikin katantanwa. Ledar ruwa da gwangwani da batir duk a ƙulle su a buhu a dawo da su gari. Kuma don Allah kada a sayi tsuntsun da aka kama da tarko ko da an kawo muku shi da arha. Gauraka, wadda kakanninmu suka sani garke-garke, yau da ƙyar ake ganinta a Nijeriya, kuma kamu domin sayarwa yana cikin dalilan.

Injiniya Bashir (Dutse):
Malama, na yarda da barin gatari, amma hana wuta gaba ɗaya ya yi tsauri a daren hunturu. Idan ma'aikatan gandun sun yarda, ƙaramar wuta a cikin rami a kan yashin da aka share, da busassun ƙiraren da suka faɗo da kansu, nesa da tanti ta ɓangaren da iska take nufa, ba za ta cutar da kowa ba, muddin an kashe ta da ruwa an rufe da ƙasa kafin a kwanta. Turakun tanti kuma ku nemi dogaye, domin gajerun da ake sayarwa tare da shi ba sa riƙe yashi, kuma ku juya ƙofar ta kalli kudu maso yamma, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa da ƙura.

Malam Nasiru (Kano):
Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da abokan tafiyar, mun ɗage zuwa hutun Disamba, kuma za mu fara da rubuta takardar neman izini. Maganar wuta za mu bar ta a hannun ma'aikatan gandun. Tambayata ta ƙarshe ga Baba ita ce mota: ƙaramar bas ce da mu, shin za ta kai mu har masaukin?

Baba Lawan (Gashuwa):
Ba za ta kai ku ba, kuma kada direbanku ya gwada. Daga inda kwalta ta ƙare hanyar yashi ce mai zurfi a kan tudu, a kwari kuma laka ce da samanta yake bushewa alhali ƙarƙashinta danye ne, ta haɗiye taya har gindi. Ku bar motar a ƙofar gidan mai gari, ku ɗauki babura ko amalanken shanu, inda ruwa ya tare kuma a haye da ku a kwalekwale. Saboda haka ku rage kaya, ku ƙulle barguna da ashana da magunguna a cikin leda mai kauri kafin ku shiga jirgi, wanda bai iya iyo ba kuma ya nemi rigar da ke hana nutsewa a ruwa tun daga Kano. Ku tashi da wuri yadda za ku isa tudun kafin la'asar, domin share wuri da kafa tanti da ɗebo ruwa duk suna son hasken rana. Idan kun tsayar da ranar, ku sanar da ni mako biyu kafin nan, in tambayi masuntan da ke kawo kifi kasuwar Gashuwa yadda ruwan yake a bana.